A Gwada Masu Aikin Sa-kai Na Lafiya Kafin A Ba Su Riga

Daga wani ɗalibi, mutumin ƙasar Abaji

Duk wanda ya zauna a Abaji, ko Yaba, ko Pandagi, ko wani ƙauye na ƙasarmu, ya san mutanen nan da su kan bi gida gida sanye da riga mai tambari, da akwati ko jaka a rataye. Yau su zo su ɗiga wa yara maganin shan inna a baki, gobe su zo da ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi, jibi kuma su zo da sanda su auna tsawon mutum su ba shi maganin hana makanta. Ba likitoci ba ne, ba kuwa ma'aikatan jinya ba ne. Mutanenmu ne, manoma da 'yan kasuwa da matan aure da ɗalibai irinmu, waɗanda suka sa kansu su taimaki jama'a, wani lokaci a ba su ɗan kuɗin mota, wani lokaci ko shi ma babu. Su a ke kira masu aikin sa-kai.

Tambayar da na ke so mu duba ita ce, kafin a sa wa mutum rigar nan a tura shi cikin gidajen mutane, wa ya gwada shi, da wane mudu kuma aka auna shi? Ra'ayina shi ne ya kamata a tsai da waɗansu abubuwa kaɗan waɗanda tilas ne kowane mai aikin sa-kai na lafiya ya iya su, ko wace hukuma ce ta ɗauke shi, sa'an nan kada a ba shi riga sai ya yi su da hannunsa a gaban mai dubawa an ga ya iya.

Kada mai karatu ya zaci raina mutanen nan na ke yi. Wanda ya raina su bai san tarihin ƙasarsa ba. Sa'ad da aka ƙidaya masu kurkunu a Nijeriya cikin 1988 da 1989, an sami fiye da mutum 650,000. Babu allurar kurkunu, babu ƙwayarsa. Abin da ya kashe shi shi ne mutanen ƙauye da aka koya wa tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwo shiga tafki, da kai labari kowane wata. Aka ga na ƙarshe cikin 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ba Nijeriya shaidar rabuwa da shi cikin 2013. Haka kuma shan inna. Matan da suka yi ta shiga lungu lungu suna lallashin iyaye suna da babban rabo cikin albishirin ran 25 ga Agusta, 2020, ranar da aka sanar cewa ainihin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka. Mutanen bakin Gurara kuma sun san masu rabon Mectizan, maganin makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa, wanda kamfanin da ke yinsa ya fara bayarwa kyauta tun 1987. To, da ya ke aikinsu ya kai haka girma, shi ya sa bai kamata a bar horonsu sakaka ba.

Bari mu ga yadda horon ya kan gudana. Kowane shiri da nasa. Masu shan inna su kira mutane su koya musu nasu, masu zazzaɓi su koya nasu, masu makanta su koya nasu, sau da yawa kuwa mutum ɗaya ne ke zaunawa a duka ukun. Horon kuma gangarowa ya ke yi hawa hawa. A koya wa manya a Abuja, su kuma su koya wa na ƙaramar hukuma, na ƙaramar hukuma su koya wa na mazaɓa, sa'an nan ya iso ga wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa. Kowa ya san abin da ke samun ruwan da a ke juyewa daga tulu zuwa tulu, kafin ya kai na huɗu ya ragu. A wurin na ƙarshen nan, abin da a kan fi kula da shi shi ne takardar sa hannu, watau shaidar cewa mutum ya zo ya zauna. Amma zama a aji dabam, iyawa dabam.

Mu da ke koyon aikin malanta mun fi kowa sanin wannan. Ba a ba ɗayanmu takardar shaida don ya zauna a aji shekara uku kurum. Sai an tura shi makaranta ya tsaya gaban yara da alli a hannu, malaminsa na zaune a baya da takarda yana duba yadda ya shirya darasi, da yadda ya yi tambaya, da yadda ya riƙe aji. Haka a ke yi tun zamanin takardar malanta mai daraja ta biyu, har yanzu kuwa ba a daina ba. Bayan wannan ga Hukumar Rajistar Malamai, wadda aka kafa cikin 1993, da nata sharuɗɗan. In malami ya yi kuskure a lissafi yau, gobe ya iya komawa ya goge allo ya gyara. Wanda ya yi kuskure a maganin jariri fa, ina zai sami gobe? Ashe ke nan an tsananta gwaji inda kuskure ke gyaruwa, an sassauta inda ba ya gyaruwa.

Ga misali guda wanda kowace uwa za ta gane. Yaro na gudawa, ana so a haɗa masa ruwan gishiri da sukari. Awon da aka yaɗa a Nijeriya cikin shekarun 1980 shi ne ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a shafe, da cokali goma na sukari ko ƙwaya biyar, cikin ruwa cikin kwalabar giya ɗaya ko kwalabar lemo biyu. Akwai kuma wani awon da ya bazu a duniya, rabin cokali na gishiri da cokali shida na sukari cikin lita ɗaya. Ga kuma garin da ke zuwa a ƙunshe daga asibiti, wanda akasari a ke zuba shi duka cikin lita ɗaya. Awo uku ke nan suna yawo a bakin mutane, kwalaben lemo kuwa sun sāke girma tun daga wancan zamani, yau ga ƙanana ga manya ga na roba. In mai aikin sa-kai ya manta ya ce kwalaba ɗaya maimakon biyu, gishiri ya ninka ke nan. In ya juye ƙunshin lita ɗaya cikin kofi guda, ya ninka wajen sau huɗu. Gishiri in ya yi yawa a jikin yaron da ruwa ya ƙare masa ya kan jawo jijjiga, har ya kai ga mutuwa. Uwar kuwa ba za ta yi gardama ba, tun da mai riga ne ya faɗa. Rigar ce ta sa aka yarda da shi, don haka wanda ya ba da rigar shi ke da alhakin tabbatar da abin da ke cikinta.

To, waɗanne abubuwa ne za a sa cikin mudun? Ni dai a ganina kada su yi yawa, don abin da ya yi yawa ba ya riƙuwa. Ga guda bakwai da na ke ganin sun isa su zama tushe.

Na ɗaya, tsabtar hannu da kare kai. Ya iya wanke hannu da sabulu yadda ya kamata, ya iya sa safar hannu ya cire ba tare da ya taɓa bayanta ba, ya san ba a taɓa jini ko amai ko gawar da a ke tuhuma da hannu tsirara. Zazzaɓin Lassa ma da aka gano shi cikin 1969, ma'aikatan jinya biyu na Mishan ya fara kashewa, a wajen jinya kuwa ta biyun ta ɗauka.

Na biyu, gane alamun hatsari ga yaro. Yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, ko ya ke amayar da kome, ko ya ke jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ƙirjinsa na lotsawa in ya ja numfashi, wannan na asibiti ne nan take. Ya kuma iya ƙidaya numfashi cikin minti ɗaya cur, yaro na kwance shiru. Daga wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5, numfashi 40 ko fiye. Wannan ita ce hanyar da a ke gane ciwon haƙarƙari a inda babu na'ura.

Na uku, gane alamun hatsari ga mai ciki da mai jego, watau zubar jini, da ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa, da jijjiga, da zazzaɓi mai zafi, da naƙudar da ta wuce awa 12.

Na huɗu, awo. Ya haɗa ruwan gishiri da sukari daidai, da awo ɗaya tak wanda hukuma ta tsayar, da mazubin da a ke samu a ƙauyen. Ruwan leda biyu na rabin lita, alal misali, lita ɗaya ke nan. Ya san a kan zubar da abin da ya rage bayan awa 24. Ya iya ɗaura ma'aunin damtse ga yaro ɗan wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5, ya san in ya faɗa a ja, watau ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani. Ya iya tsai da mutum jikin sandar awo. A rabon Mectizan, daga santimita 90 zuwa 119 ƙwaya ɗaya ce, tana hauhawa har ƙwaya huɗu ga wanda ya kai 159. Ya kuma san waɗanda ba a ba su sam, watau yaron da bai kai santimita 90 ba, da mai ciki, da mai jegon da ba ta yi mako ba, da wanda ciwo ya kwantar.

Na biyar, agajin farko. Babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja ta ratsa ta garinmu, babu kuwa mutumin Abaji da bai taɓa ganin haɗarin mota ba. Wanda ya fara isa wurin ba likita ba ne. Mai aikin sa-kai ya iya danne rauni da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, ya iya kwantar da wanda ya suma ta gefe, ya san ba a ɗura wa sumamme ruwa, ba a kuma fizgo wanda a ke zaton ya karye a wuya ko gadon baya. In maciji ya sari manomi, ya san ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tam da igiya. A hana ƙafar motsi a ɗauke shi zuwa asibiti.

Na shida, magana da rubutu. Ya san yadda a ke shiga gida da sallama da neman izinin maigida, ya iya bayani da harshen mutanen gidan, sa'an nan ya sa uwa ta maimaita abin da ya faɗa don ya tabbata ta gane. Ya riƙe asirin abin da ya gani, don wanda ya ke tona ciwon mutane a bakin kasuwa ba za a sāke buɗe masa ƙofa ba. Ya rubuta abin da ya yi, ba abin da a ke so a ji ba, ya kuma san wa zai gaya wa, cikin wace rana, in ya ga mutum uku ko huɗu a unguwa ɗaya sun kamu da amai da gudawa.

Na bakwai, shi ne babbansu, sanin iyaka. Ya san abin da ba aikinsa ba ne. Ba ya yin allura, ba ya sa ruwa a jijiya, ba ya sayar da magani, ba ya yarda a kira shi likita. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mai aikin sa-kai na ƙwarai shi ne wanda bakinsa ba ya nauyin cewa, "Wannan ya fi ƙarfina, ku tashi mu tafi asibiti," ya kuma san hanyar, da mai babur ɗin da za a tasa ko da tsakar dare.

A kan tushen nan ne kowane shiri zai ɗora nasa. Masu shan inna su ƙara yadda a ke duba alamar da ke jikin kwalabar magani, wadda in murabba'in ciki ya yi duhu kamar da'irar da ke kewaye da shi, zafi ya lalata maganin ke nan. Masu rigakafin zazzaɓi na damina, wanda aka fara a Jihar Katsina cikin 2013 ya kuma bazu zuwa jihohi da yawa, su ƙara yadda a ke rarrabe maganin ɗan wata 3 zuwa 11 da na wanda ya shekara, da yadda a ke ba da na ranar farko a gaban ido, a bar wa uwa na kwana biyu. Amma tushen ɗaya ne, kamar yadda mudun kasuwa ke zama ɗaya ko gero za a auna ko doya busasshiya.

Yaya za a yi gwajin? Da hannu, ba da alƙalami ba. A ajiye buta da sabulu, da cokali da gishiri da ruwa, da sanda, da ma'aunin damtse, da agogo, da 'yar tsana. Mai dubawa ya riƙe takarda wadda aka jera matakan kowane aiki, ya ce, "Bismilla, yi mu gani." Wani ya zauna a matsayin uwa mai gardama, a ga yadda za a shawo kanta. Wanda ya kasa ba korarsa za a yi ba, a sāke koya masa ya sāke gwadawa. Amma a wajen awo da alamun hatsari babu zancen ya ci rabi, don rabin sani a nan shi ne ke kisa. Wanda ya ci a ba shi kati mai hotonsa, a rubuta sunansa cikin littafin mazaɓarsa, shekara na kewayowa kuma a sāke gwada shi, don hannun da ba ya aiki mantuwa ya ke yi.

Wannan ba sabon abu ba ne da na ƙaga. A Garkida, cikin Jihar Adamawa ta yanzu, Mishan ɗin 'Yan'uwa ya fara wani shiri cikin 1974 inda ƙauye ke zaɓen mutanensa a kai su a koya musu wata uku, ta hanyar labaru da waƙa da wasan kwaikwayo, a kan ciwace-ciwace kaɗan da suka fi damun ƙauye. A ƙasar Maraɗi ta Nijar, tun cikin shekarun 1960 a ke zaɓen 'yan agajin ƙauye da ungozomomi a ba su horo da ɗan akwatin magunguna ƙidayayyu, a riƙa kiransu ana sabunta musu karatu. Darasin da aka koya can shi ne, inda masu dubawa suka ci gaba da zuwa aiki ya kan tsaya, inda suka daina kuwa sai ya yi sanyi.

Misalin da ya fi burge ni daga Bangaladash ya ke, can Asiya. Daga 1980 zuwa 1990 wata ƙungiya mai suna BRAC ta tura mata gida gida, suka koya wa iyaye a gidaje fiye da miliyan 12 yadda a ke haɗa ruwan gishiri da sukari. Abubuwa bakwai kaɗai aka ce kowace uwa ta riƙe. Bayan an koyar, sai wani mai dubawa dabam ya bi sawu ya zaɓi waɗansu gidaje, ya tambayi uwa abubuwan nan, ya sa ta haɗa ruwan a gabansa, a ɗebi kaɗan a kai a auna gishirinsa. Ladan mai koyarwa kuwa ya danganta ga yadda iyayen da ta koya wa suka iya. Mu malamai sai mu lura da wannan da kyau, an auna malama da abin da ɗalibarta ta iya, ba da yawan maganar da ta yi ba.

Hukumomi ma sun san da haka. Cikin 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora game da ma'aikatan lafiya na cikin al'umma, ta ba da shawara a riƙa ba su shaida bisa ga abin da aka ga sun iya. Cikin Fabrairun 2018 kuma aka ƙaddamar da shirin CHIPS a Lafiya ta Jihar Nasarawa, maƙwabciyarmu, a ƙarƙashin Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, da nufin a tattara masu aikin sa-kai iri iri a ƙarƙashin horo ɗaya. Ma'aikatan da ke ƙananan asibitocinmu kuwa tun tuni suna da littafin ƙa'idodin aiki wanda ke gaya musu abin da za su yi da inda za su tsaya. Manufa dai akwai ta a takarda. Abin da na ke nema shi ne ta sauko har mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Abaji, daga cikin gari har Gawu can arewa wajen iyakar Jihar Neja, ta kuma haɗa da wanda aka ɗauka don aikin kwana huɗu kaɗai, tun da shi ma ƙofa ɗaya ya ke shiga.

Na san akwai masu ja da wannan magana, hujjojinsu kuwa ba na banza ba ne. Wani zai ce, mutumin da ba a biyansa albashi, ina dalilin ɗora masa jarrabawa? Ai sai ya gudu. Gaskiya ne ana cin ƙarfin mutanen nan, jagorar 2018 ɗin nan ma ta ce a biya su gwargwadon aikinsu, a kuma rubuta musu yarjejeniya. Ina tare da wannan ɗari bisa ɗari. Amma rashin biya ba ya mai da gishiri mai yawa ya zama daidai a cikin jariri. Ban da haka, katin nan shi ne zai ba su bakin magana. Wanda aka gwada aka rubuta sunansa ya fi ƙarfin a sallame shi a kawo ɗan wane ranar da kuɗi suka zo, ya kuma sami tsani in yana so ya wuce makarantar koyon aikin lafiya.

Wani kuma zai ce, yawancin matan da jama'a suka fi yarda da su, kamar ungozomomi, ba su yi boko ba, gwaji zai kore su ya bar 'yan makaranta. Da jarrabawar Turanci a ke nufi, da wannan magana ta zauna. Shi ya sa na ce da hannu da baki za a yi, da harshen da mutum ya tashi da shi. Ƙasarmu akwai Igbira da Ganagana da Gbagyi da Bassa da Hausawa da Fulani, kowa a tambaye shi da nasa. Ma'aunin damtse launi gare shi, ja da rawaya da kore. Sandar awo a kan yi mata zane ko fenti. Numfashi ma ana iya ƙidaya shi da tsakuwa ko ƙwayar wake, wani na riƙe da agogo. Tsohuwar da ta shekara talatin tana karɓar haihuwa ta yiwu ta ka da mai takardar sakandare a irin wannan gwaji, in kuwa ta ka da shi, ita ta cancanci riga.

Na uku zai ce, in annoba ta faɗo babu lokacin gwaji, kowa aka samu a tura. Lalle in wuta ta kama ba a tambayar mai guga takardarsa. Amma ai ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin 2021 cutar kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Birnin Tarayya ma bai tsira ba. Cikin 2022 ambaliya ta datse hanyar Lokoja wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye, matafiya suka taru a hanyarmu. Irin waɗannan ranaku ba sa aiko da sanarwa. Garin da ke da littafi mai sunayen mutanen da aka riga aka gwada, a sa'a ɗaya zai tara su. Garin da ba shi da shi kuwa sai ya shiga koyar da wanke hannu alhali mutane na mutuwa. Zancen kuɗi kuma, me za a kashe a kan cokali da buta da 'yar tsana? Bai kai kuɗin buga riguna ba.

Su wa za su ɗauki wannan aiki? Sashen lafiya na ƙaramar hukuma shi zai tsai da mudun tare da hukumar da ke sama da shi, ya kuma gaya wa kowace ƙungiya mai zuwa da shiri cewa daga cikin littafin nan za ta ɗauki mutane. Shugabannin ƙananan asibitoci su zama masu dubawa, amma a musanya su, na wannan mazaɓa ya gwada na waccan, don kada kunya ko sanayya ta shiga. Babban Asibitin Abaji ya taimaka da ma'aikatan jinya da ungozomomi. Mai Martaba Ona na Abaji da hakimai da dagatai, da limamai da fastoci, in suka gaya wa jama'a cewa suna da iko su ce a nuna musu kati kafin su miƙa yaro, to magana ta zauna.

Saura mu. Kada ɗayanmu ya ce wannan zancen ma'aikatan lafiya ne, ba ruwan malami. Da yawa cikinmu su kan shiga aikin rigakafi lokacin hutu. Ranar da muka kama aiki kuma, mu za a miƙa wa maganin tsutsar ciki da na fitsarin jini a ce mu raba wa 'yan makaranta, da sandar awo a hannu, kuma tilas mu san cewa na fitsarin jinin ba a ba yaro shi da yunwa sai ya ci abinci. Watau mu ma masu aikin sa-kai ne, ko mun so ko mun ƙi. Ban da wannan, muna da sana'ar da likitoci da yawa ba su koya ba, ita ce sanin yadda a ke gutsuttsura abu mai wuya a koyar da shi kaɗan kaɗan, da yadda a ke rubuta manufar darasi, da yadda a ke gane ko ɗalibi ya iya ko kai kurum ya ke gyaɗawa.

Saboda haka ina roƙon Shugaban Kwaleji da malamanmu su duba ko za a gayyato ma'aikatan lafiya su koya mana abubuwa bakwai ɗin nan, su gwada mu ɗaya ɗaya kafin mu fita gwajin koyarwa. Ina kuma roƙon 'yan'uwana masu jin harsunan ƙasarmu mu zauna mu juya su zuwa Hausa da Igbira da Ganagana da Gbagyi da Bassa da Fulatanci, mu kai wa ma'aikatan lafiya su duba su gyara, masu iya zane kuma su yi hotuna saboda waɗanda ba su karatu. In muka fara gwada kanmu, sa'an nan ne za mu sami bakin cewa a gwada waɗansu. Wanda ya ke da wani ra'ayi dabam, ko ya ga abu na takwas da ya kamata a ƙara, shafin nan a buɗe ya ke, sai ya rubuto mu ji. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.